Wurin da ake ba ƙanina sirinji kyauta, abinda na gani da idona cikin wata 8

Salam 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, don nasan halin mutanenmu, kafin mutum ya gama karanta layi uku ya fara tsinuwa. To zan rubuta dai, wanda zai zaga ya zaga, nima ai da zagi na fara.

Wurin da zanyi magana a kai wata cibiya ce ta wata ƙungiya mai zaman kanta a nan garinmu, aikinsu kula da masu yiwa kansu allurar maye. Suna gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, suna wanke gyambo, sannan abinda yafi tada ƙura, suna raba sabon sirinji kyauta su karɓi wanda aka yi amfani da shi. Bazan faɗi sunan wurin ba, bazan faɗi unguwa ba, su kansu ko allo basu kafa a ƙofa ba kuma yanzu na gane dalili. Wata 8 kenan ina zuwa tare da ƙanina, wani lokacin ni kaɗai, don haka abinda zan faɗa ba ji nayi a bakin wani ba.

Autanmu mai sikila ne. Duk wanda yake da mai sikila a gida yasan me ake nufi da ciwo ya tashi, yaro yana birgima a tabarma yana cewa a sare masa ƙafar ya huta. A irin wannan halin aka fara yi masa allurar fentazosin, wadda yaran suke cewa fenta, kuma tsakani da Allah a lokacin rahama ce, minti kaɗan sai kaga numfashinsa ya daidaita yayi barci, muma mu samu mu runtsa. Bana ganin laifin kowa a nan. Matsalar daga baya tazo, da ya gane cewa ba sai ya kwanta a asibiti zai samu ba, akwai masu sayarwa ta bayan kanta, akwai kuma abokan da za su koya masa neman jijiya. Mu duk bamu sani ba. Abinda ya fara bani mamaki shine yaro yana saka riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin watan Afrilu, ana fifita shi yana lulluɓe. Ranar da na kama hannun na ja rigar sama wlh sai da ƙafata ta kasa ɗaukata, fatar tayi tauri kamar itace, ga wasu ramukan miki biyu da suka ƙi warkewa, ashe haka fenta take yiwa fata da tsoka idan aka daɗe ana yi.

Umma tace a kai shi gidan mari. Nace a'a. Ban manta da abinda aka gano a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, mutum sama da 300 aka fito da su daga gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa. Mai sikila a sa masa mari a ɗaki mai sanyin siminti, ai gawa za a dawo mana da ita. Muka yi ta rikici a gida kusan wata biyu, nasiha, kuka, rubutu, kulle ƙofa, ƙwace waya, babu wanda bamu gwada ba.

Ana cikin haka wata rana ina gyara masa ɗaki na ci karo da wata baƙar leda a bayan katifa. Sabbin sirinji ne a cikin takardarsu ba a buɗe ba, da 'yan ƙananan auduga masu sifirit, da ƙaramin ruwan allura, harda kwaroron roba. Na tsare shi nace Auta uban wa ya baka wannan. Yace Yaya wallahi ba saya nayi ba, wasu ne suke rabawa. Ranar ko abinci ban ci ba. Washegari na saka hijabi nace tashi ka kaini, niyyata in je in ci musu mutunci in kuma kai ƙararsu, don a ganina mutanen da za su ba ɗan wani kayan aikin halaka kansa kyauta ba ƙananan azzalumai bane.

Gida ne na haya, irin mai ɗaki huɗu da tsakar gida, fenti duk ya koɗe. Benci biyu a ƙarƙashin rumfar kwano, randar ruwa, wasu samari zaune ɗaya yana gyangyaɗi, ɗaya yana cin burodi da shayi. Na shiga da faɗa na, murya a sama. Wata nas ce ta fito, babbar mace za ta kai shekara 50, bata ce min komai ba sai da na gama zazzagewa tas, sannan tace Malama sannu da zuwa, shigo ciki ki zauna rana tayi zafi. Wannan sannu da zuwan shi ya fara kashe min jiki. Na shiga ina huci nace Sista ku ji tsoron Allah, yaro muna fama ya daina ku kuna ƙara masa.

Tace tambaya ɗaya zan miki, kafin ya fara karɓa a wajenmu ya daina ne? Nace a'a. Tace to da wane sirinji yake yi? Nayi shiru don ban taɓa tunanin wannan ba ko sau ɗaya. Ta juya ta kalle shi tace Auta faɗa wa yayarka. Kansa a ƙasa yace su huɗu ne suke haɗuwa a wani kango, kuɗin kowa baya isa, sai suyi karo karo su sayi kwalba ɗaya ko biyu su raba, sirinji kuma wanda ya samu shi ake zagayawa da shi, in wannan ya gama a ɗauraye da ruwan leda a miƙa wa na gaba. Nace kuɗin sirinji nawa ne da ba za ku saya ba? Yace Yaya ba kuɗin bane kawai, mai kemis in ya gane ka kallon da zai maka ma ya isa, wani ya kore ka, da dare kuma an rufe, sannan in masu kaki suka tare ka suka samu sirinji a aljihunka ka shiga uku, shi yasa ake ɓoye guda ɗaya a ramin bulo a kangon kowa yazo ya ɗauka.

Sai Sista ta yi wani abu da har gobe yana idona. Akwai gorar zoɓo a kan teburinta da take sha. Ta fasa sabon sirinji a gabana, ta zuƙi zoɓon, ta matse shi tas ya fita. Tace ya ƙare ko? Nace eh. Ta zuƙi ruwa fari ta ɗauraye ta zubar, kamar yadda yaran suke yi. Ta sake zuƙar ruwa kaɗan, ta ɗauko farar auduga ta matsa a kai. Audugar tayi ja ja, ba sosai ba amma ana gani. Ta nuna min ɗan wuyan nan da ke tsakanin allurar da jikin sirinjin tace nan ne, ko ka matse har ƙarshe akwai ɗan abinda yake maƙalewa a nan, kuma duk mai neman jijiya sai ya ja baya kaɗan yaga jini ya shigo kafin ya tura, don haka babu sirinjin ɗan allura da babu jini a ciki. Tace wannan zoɓo ne kina ganinsa, jinin da ya rage bayan ɗauraya ido baya gani, kuma kai tsaye cikin jijiyar na gaba za a tura shi, babu fata babu komai a tsakani.

Ta ce min bincike ya nuna ƙwayar cutar ƙanjamau tana iya rayuwa a cikin sirinji har kwana 42 in wurin da sanyi. A zafin garinmu bata kaiwa haka, amma su yaran ai ba kwana suke jira ba, minti biyu ne tsakanin hannu da hannu. Kuma ba allurar kaɗai ba, ruwan da kowa yake tsoma sirinjinsa yana ɗauraya, murfin kwalba ko cokalin da masu hoda suke narkawa a ciki, audugar tacewa, kwalbar fentar da aka tsoma tsohuwar allura aka zuƙi rabi aka bar wa wani rabi, duk hanya ce. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa in aka yi tarayya da allurar mai ɗauke da cutar, cikin sau 10,000 ana kamuwa sau 63, wato kusan ɗaya cikin 160. Da na ji sai nace ashe ma ba yawa. Tace Malama lissafa, in yana yi sau uku a rana, kwana nawa zai ɗauka ya cika 160? Ni malamar lissafi ce a firamare, kafin ta rufe baki na gama, bai kai wata biyu ba. Ciwon hanta nau'in C kuma yafi ƙanjamau saurin kamawa ta jini nesa ba kusa ba.

Ranar aka yi masa gwaji. Sun tambaye shi tukunna ko ya yarda, kuma ko yana so in zauna ko in fita, shi yace in zauna. Ɗan tsini a yatsa, ɗigon jini a kan 'yar farar roba, sai jira na kamar minti 15 zuwa 20. Ban taɓa sanin minti 15 yana da tsawo haka ba, duk addu'ar da na iya sai da na karanta. Layi ɗaya ya fito, wato gwajin bai nuna ƙanjamau ba. Na fashe da kuka, amma Sista tace kar ki gama murna, wannan gwajin baya ganin cutar da aka ɗauka kwanan nan, sai an maimaita bayan wata 3. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da yin tarayya, yace kusan sati biyu. Tace da a cikin awa 72 ne da an bashi maganin kariya na gaggawa da ake sha kwana 28, PEP suke ce masa, amma lokacin ya wuce. Wannan magana ta awa 72 ku riƙe ta don Allah, ba ta 'yan allura kaɗai bace, ko ma'aikacin asibiti da allura ta soka ko wadda aka yiwa fyaɗe duk ta shafe su, ni da girmana ban taɓa ji ba sai ranar.

Bayan wata 3 muka koma, Alhamdulillahi babu ƙanjamau. Amma gwajin hanta ya nuna C. Cikin su huɗun nan kuma ɗaya ya fito da ƙanjamau, yaron da na sani tun yana tallan ƙosai. Ba a cibiyar muka ji ba, shi da bakinsa ya faɗa wa Auta. Na ma gwada mutanen cibiyar in ga ko za su faɗa, na tambayi wani ma'aikacinsu a fakaice nace yaron nan abokin ƙanina lafiyarsa kuwa? Yayi murmushi yace Anti kema in wani ya tambaye mu naku haka za mu yi shiru. Wannan ya ƙara musu daraja a idona sosai. Yaron yanzu yana kan magani, ƙwaya ɗaya a rana, kuma kyauta ake bayarwa, har yayi ƙiba ya fi da kyan gani. Amma duk sanda na ganshi sai gabana ya faɗi, sirinji ɗaya, ramin bulo ɗaya, Allah ne kawai ya tsare.

Da na dawo gida na shiga bincike a waya don bana son a ruɗe ni da daɗin baki. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi yayi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kusan 80,000 a cikinsu allura suke yi, kuma abinda aka fi yin allurarsa magungunan kashe raɗaɗi ne na asibiti irin su fenta, ba hodar da muke gani a finafinai ba. Ƙanjamau a tsakanin jama'a 'yan shekara 15 zuwa 49 kashi 1.4 ne cikin 100 a ƙidayar 2018, amma a tsakanin masu allura binciken 2020 ya samu kashi 10.9. Kuma waɗannan yaran ba a wata duniya suke ba, suna aure, suna da 'yan mata, gobe wani zai zo neman 'yarki da shadda mai maiƙo. Mu duk hankalinmu yana kan kodin tun da aka hana shi a 2018, da tiramol, allura kuwa tana ɗaki a ƙarƙashin dogon hannun riga.

Na kuma gano abin ba ƙirƙirar wannan ƙungiyar bane. A 2020 aka fara gwajin rabon sirinji a hukumance a jihohi uku, Gombe da Oyo da Abiya. Wani labari da ya tsaya min a rai na wani ƙaramin gari ne a jihar Indiyana ta Amurka, Austin, mutanensa basu fi 4,000 da 'yan kai ba. A 2015 ƙanjamau ta ɓarke a yankin ta hanyar tarayya da sirinji wajen allurar wani maganin kashe raɗaɗi, mutum sama da 200 suka kamu. Gwamnan jihar na lokacin, Mike Pence, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga baya, da baya goyon bayan rabon sirinji, amma da abin yayi ƙamari dole ya bada izini. Irina ne kenan, sai da ruwa ya kai wuya.

Nasan abinda wasu za su ce, taimakawa ne a kan saɓo. Nima shi na faɗa. Ni ba malamar addini bace kuma bazan yi fatawa ba, amma na tambayi kawunmu da yake karantarwa a zaure, ya daɗe yana shiru sannan yace a fiƙihu akwai ƙa'idar cewa in cuta biyu suka haɗu babu makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi don a kauce wa mafi girma, sai dai shi zuciyarsa bata kwanta ba sai in ana haɗawa da ƙoƙarin raba yaron da abin. Nace Kawu nima nan na tsaya. Kuma Iran tana wannan aikin shekara da shekaru, Malesiya ta fara rabon sirinji tun 2006, Senegal ma nan kusa da mu ta buɗe cibiya a Dakar a ƙarshen 2014. Duk ƙasashen musulmi ne, ba wai basu san haram ba.

To bari in zo kan abinda ya burge ni da wurin, banda wanda na riga na faɗa. Wankin miki. Kafin nan na kai Auta wani wuri a wanke masa gyambon, mai wankin yana toshe hanci yana cewa ai kai ka jawo wa kanka, daga ranar yaron yace ko zai ruɓe bazai koma ba. A nan kuwa Sista tana wankewa tana masa hira kan ƙwallo, cikin wata biyu ramukan suka rufe. Ma'aikatansu masu zagaye unguwanni kuma yawanci tsofaffin 'yan harkar ne da suka daina ko suka rage, sun san kowane kango, yaran suna jin maganarsu fiye da ta kowa. Suna bada wani kwali mai ruwan ɗorawa na zuba tsohon sirinji, in ya cika ka mayar su ƙona, kuma tun da suka fara zagaye a bayan makarantarmu na daina ganin allura a yashe inda yara suke wasa babu takalmi. Sun koya min alamun in abin ya yiwa mutum yawa, numfashi yayi ƙasa, leɓe ya canja kala, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, a kwantar da shi ta gefe kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja kamar yadda muka saba, akwai kuma allurar da take farfaɗo da shi, naloksan. Su ne kuma suka matsa masa ya koma asibitin masu sikila da ya ƙaurace wa shekara biyu, harda rubuta masa takarda.

Amma fa ba aljanna bace, kuma in ban faɗi aibunsu ba na ci amanar mai karatu.

Babban abinda yake ƙona min rai shine lokacin aiki. Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 4 sun rufe, Juma'a ma tun kafin masallaci. Don Allah wane ɗan allura ne jikinsa yake bin kalandar ma'aikata? Abin da dare yake motsawa, da Asabar da Lahadi, da ranar sallah. Na faɗa musu, suka ce kuɗin da masu tallafi suke bayarwa bai kai na ma'aikacin dare ba. Na ji, amma cutar bata san wannan ba.

Sai yankewar kaya. Akwai lokacin da aka yi kusan sati uku babu sirinji, wai kaya basu iso ba. Da suka iso kuma manya ne masu kaurin allura da yaran basa so don suna fasa jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane mai allura ya samu sirinji 300 a shekara kafin 2030, wanda ko shi bai kai ɗaya a rana ba, to ina ga an yi sati uku babu ko ɗaya. A wannan satin ukun ni da kaina, malamar makaranta da hijabina har ƙasa, na shiga kemis na sayo kwalin sirinji nace na mai ciwon suga ne. Na fito ina jin kamar kowa ya san ƙarya nayi. Ban taɓa zaton rayuwa za ta kai ni nan ba, amma na tuna audugar nan mai ja ja.

Maganar hanta ma ta bani haushi. Sun gwada sun ce akwai, sannan suka ce maganin ba su da shi, sai dai mu je babban asibiti a ƙara wani gwajin a tabbatar, mu sayi magani. Ciwon hanta na C yana warkewa, ƙwayoyi ne na sati 12, amma kuɗin gwaje gwajen da maganin sai da na ci adashina gaba ɗaya na haɗa da ɗan kunnena. Mu Allah ya rufa asiri mun iya. Sauran yaran da ke zaune a bencin nan fa? An faɗa musu suna da ciwo an sallame su da takarda, wasu a hanya suke yar da ita.

Abu na gaba, wanda kawu ya taɓo, hanyar dainawa. Suna da mai bada shawara, saurayi ne mai haƙuri, amma shi kaɗai ne kuma hira ce kawai. Babu gado, babu metadon ko wani maganin da ake ba mutum a madadin allura yana sha a gaban ma'aikaci har jikinsa ya saki. In yaro yazo yau yace na gaji ina so in daina, wanda wannan lokacin kamar walƙiya yake in ya wuce ya wuce, abinda za su iya shine su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa, can kuma layi da kuɗi, ga sunan da mutane suke kiran wurin da shi. A nan ne nake ganin masu sukar su suna da 'yar gaskiya.

Mata kuma an manta da su. Binciken 2018 ɗin nan yace cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce, amma a wata 8 mata uku kacal na gani a wurin, kuma kowacce da niƙabi tana sauri kamar an biyo ta. Ta ina mace za ta zauna a benci ɗaya da samari goma a tsakar gida? Ɗaya ta taɓa ce min ita sai saurayinta ya gama sannan yake mata da nasa, don bata iya neman jijiya da kanta ba, kullum ita ce ta biyu a allura. A ware musu rana ɗaya mana, ko ƙofar baya, wannan ai ba sai an jira kuɗin Turawa ba. Takardar rajistarsu ma tambayoyi sunyi yawa, duk da dai lamba suke baka ba suna ba, kuma banɗakin wurin Allah ya kyauta.

In maki ne, ina basu 4 cikin 5 a kan mutunta ɗan adam da riƙe sirri da sanin aiki, 2 cikin 5 a kan kaya da lokaci. In kana da wani a gida da kake zargi, kar ka tsaya jiran ya daina kafin a gwada shi, gwajin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati da yawa, ka nemi a haɗa da na hanta B da C. Wanda ya san cibiya irin wannan a garinsu ya raka shi da ƙafarsa, zuwan farko shi ne mai wuya.

Auta bai daina ba, bazan muku ƙarya ba. Daga sau uku ko huɗu a rana ya dawo wani lokacin ɗaya, wani lokacin ya kwana biyu bai yi ba sai ciwo ya tashi ya koma. Ya gama maganin hanta, saura gwajin tabbatarwa. Ya koma shagon gyaran waya da yake koyo. Kangon ya daina zuwa, wannan kam na tabbatar don ina da masu kawo min rahoto. Gwajin ƙanjamau duk wata 3 muke maimaitawa, na ƙarshe ma layi ɗaya ne.

Umma har yau bata yarda da wurin ba, ko sunansa bata kamawa, sai dai tace wajen mutanen nan naku. Ranar da ta fara ganin kwalin mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin gadonsa kwana tayi bata min magana ba. Amma shekaranjiya ina wanke wanke na jiyo ta daga ɗaki tana cewa, Auta kwalin nan naka ya kusa cika, ka mayar musu ka karɓo wani kafin jikokina su zo hutu.